FILIN MATA: Ina Za Ki Sauka In Kin Je Birni Da Yaro?

 

A cikin takardun da Edita ya miƙo mini makon jiya akwai ta wata 'yar'uwa daga ƙasar Katsina. Ta roƙa kada a buga sunanta, to, ba za a buga ba. Ga abin da ta ce a taƙaice. Ɗanta mai shekara 4 ya faɗo daga kan katanga watannin baya, ya karye a hannu, aka yi ɗorin gida, ɗori bai zauna daidai ba. Yanzu likitan garinsu ya ba su takarda su tafi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Maigidanta ma'aikaci ne, kwana ɗaya kaɗai aka ba shi, watau zai kai su ya komo, ƙaninta kuma ya biyo bayansu washegari. Ba su da kowa a Kano sai wata 'yar'uwar kishiyar uwarta, wadda ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Shi ne take tambaya, ko ya kamata su sauka a hotal, in kuwa ya kamata, wane iri, a wace unguwa?

Na ga wannan tambaya ba tata ce ita kaɗai ba, don haka na ce bari in amsa a fili kowa ta ji.

Bari mu fara kawar da maganar kunya, don na san ita ce ke cin ran da yawa daga cikinmu. A wurin wasu, da an ce mace ta kwana a hotal sai a kama baki, kamar an ce ta yi wani abin assha. Dalili kuwa sananne ne, akwai gidajen da sunan masauki kawai gare su, sana'arsu daban. Amma masaukin baƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatake akwai zango, akwai fatoma mai saukar da baƙo ya ajiye masa kaya. Unguwar Fagge a Kano da saukar baƙi ta yi suna, tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin a 1911. Abin da ya sake shi ne yanzu ana yanka rasit. Matar da ta fita da sanin mijinta, da rakiyar ɗan'uwanta, don neman lafiyar ɗanta, ba ta da abin sunkuyar da kai.

Sauka gidan dangi ya fi daɗi, ban musa ba, in gidan yana kusa da inda za ki, in kuma akwai wurin. Amma ku tuna zaman birni ba kamar namu na gida ba ne. Za ki iske mutum da matarsa da 'ya'ya biyar cikin ciki da falo, ruwa saye suke yi wurin 'yan garuwa. Ba za su ce miki a'a ba, kunya ba za ta bar su ba, amma ke da kanki za ki ga kin takura su. Dabara ita ce ki sauka inda ya fi miki sauƙi, in kin sami sarari da la'asar ki ɗauki 'yar tsarabarki, ko daddawa ce ko man shanu, ki je ki gaishe su, ki gaya musu likita ne ya ce ki zauna kusa. Zumunci ya tsaya, ba wanda ya ji an raina shi.

To, yanzu ga ainihin magana. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu fara tambayar wane hotal ne mai kyau, ko wane ne mai araha. Tambayar farko ita ce, ina ne ƙafata za ta fi zuwa a cikin kwanakin nan? In kin san wannan, sai ki nemi masauki a gefensa. Kano ba gari ɗaya ba ne, garuruwa ne aka haɗa. Wanda ke Hotoro da wanda ke Kurna duk a Kano suke, amma kafin ɗaya ya je wurin ɗaya da safe, wani ya yi nisa a hanyar Zariya.

Ga misali da ita mai takardar nan. Motar Katsina ta Bichi da Dawanau take shigowa, watau ta arewacin gari. Asibitin Dala, wanda aka buɗe tun 1959, yana nan ta wajen Ƙofar Ruwa, gefen da za ta shigo ke nan. Saboda haka ta nemi masauki ta hanyar Katsina, ko ta Fagge, ko ta hanyar filin jirgin sama. Kada wani ya ruɗe ta da cewa akwai wani mai kyau a Na'ibawa ko Hotoro. Ko kyauta aka ba ta ɗakin, ya yi tsada, gama sai ta keta gari duka da yaro mai ciwon hannu, ana ta jijjiga shi cikin a-daidaita-sahu.

Wadda kuwa aka tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, nata lissafin daban. Shi a kan hanyar Zariya yake, kudu da gari. Unguwanninsa su ne Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da titin Gidan Zu, kuma tashar Unguwa Uku, inda motocin Zariya da Kaduna ke tsayawa, duk a kan wannan hanya take. Mai zuwa Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero da ke daf da gidan Sarki, ta sani cikin ganuwa ta nufa. Hotal-hotal kuwa yawancinsu a waje suke, Nassarawa da Bompai da Fagge da Sabon Gari, sai ta zaɓi wanda ya fi kusa da ƙofar da za ta riƙa shiga. Mai zuwa sarin atamfa a Kantin Kwari, Fagge ce unguwarta. Haka za ki auna kowane birni, ko Kaduna ne ko Abuja ko Sakkwato. A Kaduna ma abin ya fi sauƙin ganewa, don kogi ya raba garin biyu, sai ki tambaya ko wurin da za ki yana wannan ƙetare ne ko wancan, ki kwana a ƙetaren da yake.

Ni da bakina nake ba ku wannan shawara don na sha a jikina. Shekarun baya na kai jikata Kano a duba mata ido. Muka sauka a tasha bayan magariba, a gajiye, yarinya tana ta gyangyaɗi a kafaɗata. Wani mai a-daidaita-sahu ya ce, "Hajiya, akwai wani wuri mai tsabta, ga araha, nan kusa ne." Na ce mu je. Muka yi ta tafiya, muka yi ta tafiya, har fitilun gari suka fara ƙaranci. Daga baya na gane ashe lada ake ba shi a kan kowane baƙo da ya kawo. Ɗakin ba laifi, kuɗin ma ba laifi. Amma a harabar gidan akwai ɗakin taro, ranar kuwa ana biki. Kiɗa da lasifika har tsakar dare, yarinya ta kasa barci, ni ma haka. Da asuba muka fito ba abin hawa a layin, sai da muka taka har bakin titi. Kafin mu isa asibiti rana ta take, an gama ba da katin ranar. Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Kwana ɗaya ya zama biyu, na biya ɗaki sau biyu, na biya mota sau huɗu, ga abinci. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga da na kama ɗakin da ke bayan asibitin, wanda na ji kuɗinsa na ce ya yi yawa, da na komo gida da canji. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Saboda haka in za ki gwada kuɗin masauki biyu, kada ki gwada kuɗin ɗaki kawai. Ki haɗa da kuɗin mota zuwa da komowa, ki tuna kuma zuwa asibiti ba sau ɗaya ba ne a yini. A ce ki je a ɗauki hoton ƙashi, a ce ki komo da azahar ki karɓi sakamako, a ce ki zo gobe ki ga babban likita. In ɗakinki na kusa, sai ki koma yaro ya kwanta, ki yi salla a natse, ki wanke masa jiki. In yana nesa, sai zaman gindin bishiya cikin rana, yaro yana kuka, ke kina ba shi haƙuri da biskit.

Kada kuma ki yarda da kalmar "kusa" a bakin mutumin birni. Ki tambaye shi, minti nawa ne a ƙafa, ga mace mai goyo? Mota nawa zan hau, ɗaya ko biyu? Akwai babban titin da zan tsallaka? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce. Titin Zariya da titin Katsina manyan hanyoyi ne masu hannu biyu, tirela da tanka ba sa tsayawa don kin ɗaga hannu. Gara masaukin da ya ɗan fi nisa amma yana hannu ɗaya da asibiti, da wanda ke kallonsa ta tsallaken titi. Wadda ke da babbar waya, ko 'yarta ke da ita, ta buɗe taswirar Google ta ga nisan da idonta tun tana gida. Amma taswira ba ta san ranar da ruwa ya cika layi ba, don haka a haɗa da tambayar wanda ya san wurin.

Akwai abubuwa na Kano da ya kamata baƙuwa ta sani game da abin hawa. Tun watan Janairu 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin gari, a-daidaita-sahu shi ne abin hawan talaka. A watan Yuli 2022 kuma gwamnati ta yi dokar hana su fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne kada ki dogara da samun abin hawa da tsakar dare. In zazzaɓi ya rufe yaro ƙarfe biyu na dare, Allah Ya kiyaye, me za ki yi? Tun da rana ki tambayi akawun hotal ko suna da direban da suke kira, ki karɓi lambarsa. Ranar Juma'a kuma daga azahar hanyoyin da ke kusa da manyan masallatai sukan toshe. Asabar ɗin ƙarshen wata an saba yin tsabtar gari da safe, ba a zirga-zirga sai wajen ƙarfe 10. Mai shirin kama motar sassafe ranar nan ta sake shiri.

Kusa ma yana da iyaka. Ɗakin da ke manne da tasha ko bakin kasuwa ba wurin kwanan yaro ba ne. Hayaniyar 'yan kamasho tun kafin asuba, hayaƙin mota, ga mutane iri-iri masu shiga da fita. Abin da ake so shi ne layi na biyu ko na uku daga babban titi, inda za ki ji shiru, amma in kin fito taku kaɗan ki sami mota, da kantin magani, da mai shayi. Ki duba kuma ko akwai mashaya a gidan ko a maƙwabta. Ba sai kin tambaya ba, in kin tsaya a ƙofa minti biyar kina kallon masu shiga, za ki gane irin gidan. In kin ga mata da yara, da dattawa masu buta a hannu, to ki shiga. Wannan ne ma ya sa nake cewa a yi ƙoƙari a isa gari da rana tsaka. Mai isa da dare ba ta zaɓe, abin da aka nuna mata shi za ta karɓa.

In kin shiga, kada ki biya sai kin ga ɗakin. Ba rashin kunya ba ne, hakkinki ne, gani ya kori ji. Ki roƙi ɗakin ƙasa ko hawa na farko. Hawa bene da goyo da jaka wahala ce, na'urar hawa kuwa in wuta ta ɗauke sai ta tsaya da ke a ciki. Ki ɗaga zanen gado ki duba ɗinkin gefen katifa, in kin ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kuɗin cizo ne, ki nemi wani ɗaki ko wani gida. Ki murɗa famfo ki ga ko ruwa na zuwa. Ki gwada sakatar ƙofa ta ciki. Ki leƙa taga ki ga ko ragar sauro ta yage. Tun da tagogin birni duk da ƙarfe aka tsare su, ki tambaya ko akwai wata ƙofar fita ban da wadda kika shigo, saboda gobara.

Abu guda da nake roƙonku da shi, ku tambayi inda janareto yake. In yana gindin tagar ɗakin, ko a cikin lungun da iska ba ta wucewa, kada ki karɓi ɗakin ko da an rage miki kuɗi. Ba don ƙara kaɗai ba. A cikin hayaƙinsa akwai wata guba wadda ita kanta ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da nauyin barci, kuma yaro ta fi saurin kamawa. An sha samun iyali duka sun kwanta ba su tashi ba. In ke da yaro kuka ji haka a tare, ku fita waje nan da nan, ku nemi asibiti. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu shi ma wannan guba yake fitarwa.

Sauran abin tsoro a ɗaki ƙanana ne, amma yaro mai rarrafe ko mai ƙiriniya duk zai gano su kafin ki ajiye jaka: wayar lantarki da ta ɓare, baranda mai faɗin tsakanin ƙarfe, daɓen makewayi mai santsi, bokiti cike da ruwa. Bokitin nan kada ki raina shi, ɗan yaye yakan faɗa da ka ya kasa fitowa. Ki zubar ko ki rufe ƙofar makewayi. Manyan hotal masu wurin iyo kuwa, ko kusa kada ya je sai hannunsa na cikin naki.

Ki tafi da gidan sauronki da 'yar igiya, musamman da damina, gama ba kowane masauki ke da shi ba, kuma hayaƙin maganin sauro na kunnawa yakan tayar wa yaro tari. In da bazara ne, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan kai awo 40 har ya wuce, sai ki tambaya daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa suke ba da wuta. Wasu sukan kashe inji da tsakar dare, a bar ku cikin gumi. Ki ji wannan tun kafin ki biya.

Batun ci da sha, yaro ba ya son baƙon abinci, kuma abincin hotal tsada gare shi. Ki tafi da garin kununsa da filas, ki tambaya ko za su riƙa ba ki tafasasshen ruwa. Yawanci ba sa yarda a kunna risho a ɗaki, kuma suna da gaskiya. Ruwan sha, na roba ko na leda mai lambar NAFDAC, kada ki ba shi na famfon makewayi. Ki sa ƙullin gishirin zawo guda biyu ko uku a jaka, ana samunsa a kowane kantin magani. In gudawa ta kama shi ba ki da ko ɗaya, ki sami ruwa mai tsabta lita 1, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ki dama ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin ku ga likita.

Wajen biya, ki biya na kwana ɗaya tukuna, in kin ji daɗin wurin ki ƙara. Ki karɓi rasit. Yawancin hotal ƙarfe 12 na rana suke ƙidaya kwana, in kin wuce sai a ce kin shiga wani, saboda haka ranar tafiya ki kwashe kayanki da safe ki ba su ajiya kafin ki tafi asibiti. Za su nemi katin shaida, ki riƙe naki kusa. Ki riƙe tsabar kuɗi da katin banki duka biyu, kada ki haɗa su jaka ɗaya. Waɗanda suka yi tafiya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sun san abin da nake nufi. Kada kuma ki aika da kuɗi tun kina gida zuwa ga wanda ba ki sani ba don kin ga hoton ɗaki a waya. Hoto ba ya nuna wari, wani lokaci ma ɗakin babu shi sam.

Ga 'yan makaranta, ku ma wannan magana taku ce. Sau da yawa ke za a ce ki raka Inna ko Yaya don ke ce mai karatu. To, ki yi aikin mai karatu. Ki rubuta sunan masaukin da sunan titi a takarda, ki karanta abin da ke jikin rasit, ki riƙe takardun likita wuri ɗaya cikin leda. Ki rubuta lambar wayar gida a 'yar takarda ki sa a aljihun ƙaninki, ko ki maƙala masa da fil a cikin riga. Yaranmu da yawa in sun ɓace aka tambaye su sunan uwarsu sai su ce "Umma", sunan uba "Baba", unguwa kuwa "gidanmu". Kafin a tashi a koya masa cikakken sunan mahaifinsa da sunan garinsu, ko da uwar tana jin nauyin faɗa, ke ki faɗa masa. In wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare ya ce ma'aikaci ne, kada ki buɗe, ki ce ya dawo da safe.

Ke kuma 'yar'uwa mai takarda, tun da maigida zai kai ku da kansa, ku yi sammako ku isa kafin azahar. Ku fara zuwa asibitin ku ji ranar da lokacin da ake ganin sababbin zuwa, ku tambayi ma'aikatan jinya mata inda masu jinya daga nesa suka saba sauka, gama su suka fi kowa sani. Sa'an nan ku je tare ku duba ɗakin, shi ya yi magana da akawu, ya gaya musu ƙaninki na tafe, ya bar lambarsa kafin ya juya. In an ba yaro gado, ki tambaya ko za a bar ki ki kwana wurinsa, in haka ne sai ki saki ɗakin kada ki yi ta biyan na banza. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa a dace da hannu. Ki rubuto mana in kun komo mu ji yadda aka ƙare.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu amsa takardar wata daga Gusau a kan yaye da damina.